Ifran a watan Oktoba: ya cancanci kwana biyu daga cikin ziyarar Fas?

Alhaji Nura: Assalamu alaikum jama'a. Tunda an tsayar da tafiyar Fas a ƙarshen Oktoba, ina da shawara, duk da na san za a yi mini ca. Idan mun gama ziyara a zawiyar Shehu Ahmadu Tijjani, mu ware kwana biyu mu hau Ifran. Tafiyar ba ta wuce awa ɗaya da 'yan mintuna a mota ba. Gari ne a kan duwatsun Atlas na ƙasar Maroko, tsayinsa ya haura mita 1,600, kuma a nan jami'ar Al Akhawayn take. Maganata ita ce, babu lokacin da ya kai kaka dacewa da zuwa garin nan.

Hajiya Rabi: Wa alaikumus salam. Alhaji, ai dusar ƙanƙara ake zuwa kallo a Ifran, ita kuwa sai Disamba zuwa Fabrairu. Mu je a Oktoba mu ga me? Ganye?

Alhaji Nura: Ganyen fa, Hajiya. Bishiyoyin bakin titi duk sai su rine, wasu ruwan ɗorawa, wasu ja, kafin su zube. Ga rufin gidajensu mai tsini na jan tayil. Faransawa ne suka kafa garin a 1929 don su riƙa gudun zafin Fas da Miknas, shi ya sa in kin ga hotonsa ba za ki ce Maroko ba ce.

Malam Ɗahiru: Ni dai ziyara na biya kuɗi, ba kallon bishiya ba. Da canjin da ake ciki yanzu, kwana biyu a otal ga kuɗin mota ba ƙaramin abu ba ne. In sanyi da tudu da jami'a ake nema, ga Jos nan a gida, ba biza ba jirgi.

Zainab: Kawu Ɗahiru, a yi mini afuwa in sa baki, tunda a Fas na yi karatu kuma mukan hau Ifran da ƙawayena. Jos tana wajen mita 1,200, kuma sanyinta na hunturu ne mai hazo. Na Ifran daban ne. A can aka taɓa auna sanyi mafi tsanani da aka rubuta a tarihin Afirka, digiri 23.9 ƙasa da sifiri, a Fabrairun 1935. To shi ya sa nake bayan Baba Alhaji. Yawancin 'yan tawagarmu dattawa ne, wasu da ciwon gwiwa, wasu da asma. Kai su can cikin Janairu zalunci ne. A Oktoba rana tana da daɗi, dare ne kawai yake cizo, rigar sanyi mai kauri ta wadatar.

Sannan maganar kuɗi, Kawu, ita ma kakar ce ta fi sauƙi. Da zafi mutanen birane suna cika garin, da dusar ƙanƙara kuma duk ƙarshen mako motoci ne jere har zuwa Mishlifen inda ake wasan sulu a kan dusar ƙanƙara. Tsakanin waɗannan biyun ne ake samun ɗaki ba tare da an yi ta roƙo ba.

Hajiya Rabi: To 'yata, na ji. Amma ni an ce mini dajin wajen duk itacen sida ne, shi kuwa ba ya zubar da ganye. Ina launin da Alhaji yake ta zuzutawa?

Zainab: Gaskiyarki Hajiya, nan kam Baba Alhaji ya ɗan ƙara gishiri. Dajin sida da ke hanyar garin Azru kore yake shekara duka. Launin a cikin gari yake, da wuraren shaƙatawa, da bakin ruwa wajen Ain Vittel. Wanda ya sa ran ganin duwatsu gaba ɗaya sun koma ja zai dawo da ƙorafi. Kuma kar kowa ya ce a kai shi tafkin Dayet Aoua saboda tsohon hoton da ya gani a Facebook, shekarun fari sun sha busar da shi.

Alhaji Nura: Ban ce duwatsu za su kama da wuta ba ai.

Injiniya Bashir: Ni abin da ya ja hankalina jami'ar ce. An buɗe ta a 1995, da Turanci ake koyarwa, a kan tsarin Amurka, a ƙasar da aka saba da Larabci da Faransanci. 'Yan uwa biyun da sunanta na Larabci, Al Akhawayn, yake nufi su ne Sarki Hassan na Biyu da Sarki Fahad na Saudiyya. Ina da yaro da zai gama sakandare baɗi, kuma makaranta ba a gane ta lokacin hutu. A Oktoba ɗalibai suna nan, ana cikin zango, mutum zai ga yadda suke rayuwa, ya tambayi 'yan Afirka ta Yamma da ke can tsadar zama. Lokacin hutu kuwa ba za ka ga haka ba.

Malam Ɗahiru: Wannan buƙatarka ce kai kaɗai, Injiniya. Mu goma sha za mu biyo ka neman wa ɗanka makaranta? Kuma wa ya ce maka za a bar ayari ya shiga harabar jami'a kamar kasuwa?

Injiniya Bashir: Zan rubuta musu tun daga nan in nemi izini, ni da duk mai so. Sauran ku je Azru, bai kai kilomita 20 daga Ifran ba, ranar Talata ma kasuwarsu take ci. Akwai darduman Barbar na ulu, kuma lokacin tuffa ne a yankin.

Zainab: In za a bi ta dajin, don Allah kar a bai wa birai biskit ko gyaɗa. Irinsu yana cikin waɗanda ake fargabar ƙarewarsu, kuma sun saba da hannun mutane har suna fizge leda.

Hajiya Rabi: Ni har yanzu kwana biyun ne bai kwanta mini ba. Garin ƙarami ne, an ce in ka yi hoto da zakin dutsen nan na tsakiyar gari ka zagaya lambu, ka gama. Me zai hana mu fita bayan Asuba mu dawo Fas kafin Magariba? Ba kuɗin otal, ba kwana cikin sanyi.

Alhaji Nura: Sai mu wuni a mota ke nan. Ifran, Azru, daji, jami'a, duk a yini guda da dattawa?

Malam Ɗahiru: To a raba. Masu ganye su kwana, mu kuma a bar mu a zawiya mu samu wazifar Juma'a. Amma kuɗin motar kar a sa shi a asusun tawaga.

Alhaji Nura: Na yarda da wannan. Zainab, tambayo mana nawa babbar tasi take ɗaukar mutum shida daga Fas, zuwa da dawowa.