Dashen ƙashin dasashi: tun yaro na ƙarami, ko sai ya fara famfara?

Maman Khalifa: Salamu alaikum jama'ar Gombe. Ni dai ina kan bakata, jan rai kawai ake yi wa iyayen yaran da aka haifa da tsagar leɓe da ganɗa. An ɗinke wa ɗana leɓe yana jariri, ganɗa bayan ya shekara, amma giɓin dasashi aka ce sai yaron ya kai shekara 8 ko 9 za a cike shi da ƙashi. Yanzu shekararsa 3, koko kan biyo masa ta hanci. Me zai hana a dasa ƙashin yanzu kowa ya huta?

Baban Hauwa: Ina bayanki, Hajiya. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Likita: Baban Hauwa, ɗanyen ne ma abin tsoro. An daɗe da gwada dashen tun jarirai, asibitoci da yawa suka daina, domin tabon aikin na tauye girman muƙamuƙin sama, tsakiyar fuska ta lotsa. A 1972 wasu likitoci biyu, Boyne da Sands, suka bayyana hanyar da aka fi bi yau: a ɗebo ɓargon ƙashin ƙugu a cike giɓin kafin fiƙar dindindin ta fito, galibi tsakanin shekara 8 zuwa 11. Fiƙar ce ke ratsa sabon ƙashin ta zauna, shi kuma ya ɗore saboda ita.

Goggon 'yan biyu: To in girma ake jira, a bari ya balaga mana. Yaro ɗan firamare a taɓa masa ƙugu?

Likita: A'a Goggo, wannan ya fi damuna. In fiƙa ta riga ta fito babu ƙashin da zai riƙe ta, dashen bai cika kamawa sosai ba, har akan rasa haƙorin. Ciwon ƙugun kuwa na ɗan lokaci ne.

Malamar jinya: Likita, ka yi haƙuri, ban yarda 8 ce iyaka ba. Akwai masu yi a shekara 5 zuwa 7 don su ceci haƙorin da ke kusa da na gaba, wanda ke riga fiƙa fitowa.

Likita: Gaskiyarki, Sista, kuma har yanzu masana na ja-in-ja a kai. Shi ya sa hoton haƙori ne alƙali, a ga inda saiwar haƙorin ta kai. Amma 3 ta yi wuri.

Baban Hauwa: Ni fargabata, iyaye na ganin leɓe ya haɗe sai su ɗauke ƙafa. Wa zai tuna bayan shekara biyar?

Maman Khalifa: Ban gamsu duka ba, kokon nan na ci mini rai.

Likita: Kada ki zauna da shi, Maman Khalifa. Wataƙila 'yar ƙofa ce ta rage a ganɗa. Ki mayar da shi wurin waɗanda suka yi aikin su duba, ki kuma nemi su sa miki lokacin hoton.