Dagaci ya ce ba ya shiga tsakanin uba da 'yarsa

Maman Ilham: Wallahi raina a ɓace yake. 'Yar ƙanwata tana aji biyu na ƙaramar sakandare aka cire ta, an sa ranar aure bayan Sallah. Mun kai kuka wurin dagaci, ya ce ba ya shiga tsakanin uba da 'yarsa. Kano ta yi dokar kare yara tun 2023, amma in ba da bakin hakimai da masu unguwanni ba, wa ƙauyawa za su saurara?

Ɗan Gezawa: Hajiya, su wa kike kira ƙauyawa? Mu da muke noma abin da kuke ci?

Maman Ilham: Ni ma a ƙauye aka binne cibiyata, malam.

Ɗan Gezawa: Ai da sai ki ce mutanen karkara. Wannan rainin ne ya sa ba a jin maganarku.

Ummu Safiyya: Ku je asibitin Babbar Ruga a Katsina ku ga yaran da yoyon fitsari ya nakasa, sannan ku dawo ku yi faɗa kan suna.

Malam Bature: Rashin asibiti kusa ne ke kawo wannan, 'yar'uwa. Kakanninmu duk da wuri aka aurar da su.

Ba-Maraɗe: A Nijar ƙungiyar sarakunan gargajiya ta daɗe tana aiki da UNICEF kan wannan. Sarkin gari kan kira uba ya zaunar da shi.

Ɗan Gezawa: Kuma ƙasarku ce ta fi kowacce a duniya aurar da yara, kashi 76 cikin ɗari na 'yan mata. Mu za ka koya wa?

Ba-Maraɗe: Kar ka taɓa mini ƙasa!

Abban Zahra: Sarki Sanusi ya faɗi gaskiya kan auren wuri tun 2017, aka yi masa ca.

Malam Bature: Wane sarkin? Mu namu Aminu Ado ne.

Abban Zahra: Kotu ta ba ka labari?

Maman Ilham: Jama'a, yarinyar fa nake magana!

Shugaban zaure: Na rufe zancen nan. Abin da na gani shi ne an zagi mutanen karkara, kuma Ɗan Gezawa ya kare mutuncinmu, Allah ya saka masa. Hajiya, ki nemi afuwa. Batun yarinya kuwa, ki sami dattawan gidanku ku koma wurin hakimi.