Mota ta ƙi tashi a Agege, wa za a kira?

Mai Corolla: Assalamu alaikum 'yan uwa. Motata ta ƙi tashi tun da safe, ina Agege. Jiya lafiya lau na dawo da ita daga Mile 12. Wannan ya ce in sayi batir, wancan ya ce kik ne, wato na'urar da ke tayar da inji. Don Allah wa ya san rewaya, mai gyaran wutar mota, mai amana a kusa?

Baba Direba: Wa alaikumus salam. Ɗana, kar ka sayi komai tukuna. In ka murɗa makulli me kake ji? Shiru ne, ko tak-tak-tak, ko inji na juyawa amma bai kamawa?

Mai Corolla: Tak-tak-tak da sauri, Baba. Fitilun gaban sitiyari ma sai su dushe.

Bakaniken Idi-Araba: To wuta ce ba ta isa kik. Buɗe bonet ka dubi kawunan batir. In ka ga farar hoda ko koriya ta taru, ko waya na juyawa da ka taɓa ta, ga mai laifin nan. Danshin Legas da iskar teku na cin kan batir fiye da yadda muka saba a Arewa. Fara kwance na baƙar waya, sannan na ja, ka wanke da ruwan zafi, ka goge da buroshin ƙarfe, ka ɗaure tamau. Daga nan a sa mita. Cikakken batir wajen volt 12.6 yake nunawa, in ya faɗi ƙasa da 12 ya yi sanyi. Bayan ta tashi a sake aunawa, ya kamata a ga tsakanin 13.5 da 14.5. In bai kai ba, altaneta ce, na'urar da ke cajin batir, ba ta caji, ko sabon batir ka sa zai sake mutuwa.

Hajiya Obalende: Tawa juyawa take ba ta kamawa, ashe famfon mai ne. Bakanike ya ce yawan tafiya da tanki kusan fanko ke ƙona shi, don man ne ke sanyaya shi. Ka buɗe makulli ba tare da tayarwa ba, ka kasa kunne wajen kujerar baya, lafiyayye yana ɗan kuka na daƙiƙa biyu.

Bakaniken Idi-Araba: Gaskiya ne Hajiya, amma motarsa ba ta ma juyawa, bai kai nan ba. Ko a naki, fiyus da rile ake fara dubawa kafin a taɓa famfo.

Baba Direba: Tsaya. Jiya an yi ruwa. Ka shiga ambaliya da ita? In ruwa ya shiga ta matatar iska, kar ka ƙara murɗa makullin nan ko sau ɗaya. Fistin ba ya iya matse ruwa, sandarsa ce za ta lanƙwashe, aiki ya koma na sauke inji.

Mai Corolla: Bai kai rabin taya ba, Baba, kuma ba ta mutu a hanya ba.

Baba Direba: Alhamdu lillah.

Ɗan Alaba Rago: A tura ta mana. In batir ne kuma akwai tokumbo, wato na hannu, da sauƙi a kasuwar kayan mota ta Ladipo.

Baba Direba: In otomatik ce ba ta tashi da turi, sai a jona mata wuta daga wata mota. Batir kuwa ni ba na sayen tokumbo, ba ka san shekarunsa ba. Kik ko altaneta, wannan na yarda da Ladipo, amma ka tafi da naka tsohon a gwada, kuma da bakanikenka, a sa wa kayan wuta a gabanka kafin ka biya.

Mai Corolla: Otomatik ce. Na duba, kan ja ya yi fari fat, wayar ma na motsi.

Bakaniken Idi-Araba: Turo min kwatance ta gefe. Bayan Azahar yarona zai zo da mita da wayar joni. Kar ka bari kowa ya kwance kik kafin ya iso.