Karanta furomotar beta-gulobin a masu sikila: me kuke gani a ɗakin gwaji?

Dakta Binta: Assalamu alaikum. Akwai yaran da ake kawowa asibitocinmu na Kano da alamun sikila, gwajin jini ya nuna HbS (haemogulobin na sikila) ya rinjayi HbA (haemogulobin na lafiya), jajayen ƙwayoyin jinin kuma ƙanana. In ba a yi wa yaro ƙarin jini kwanan nan ba, zargin farko shi ne sikila haɗe da talasimiyar beta mai sauƙi, wato ciwon gado da ke rage yin beta-gulobin, ɗaya daga cikin sassan haemogulobin. A 'yan asalin Afirka, sau da yawa sauyin yana cikin furomota, wato ɗan yankin da ke gaban ƙwayar gado inda ake fara kwafar DNA zuwa RNA. Masu karanta jerin haruffan DNA na wannan yanki, don Allah ku kawo abin da ke ɓata aikin.

Malam Sagir: Wa alaikumus salam, Dakta. Babbar matsala ita ce ƙidaya. Lambobin da aka saba, kamar -29 da -88, daga harafin da kwafa ke farawa ake ƙirga su, wato +1. Rahoton da ke dawowa daga masu karanta jerin haruffa kuwa yakan ƙirga daga ATG, haruffa ukun da ake fara gina furotin daga kansu, yana sa c. a gaban lambar, kuma a wannan ƙwayar gado tsakanin +1 da ATG haruffa 50 ne. Don haka -29 A>G shi ne c.-79A>G, -88 C>T kuma c.-138C>T. Ɗalibi ya ga c.-79 sai ya ɗauka a akwatin CCAAT yake, alhali a akwatin TATA ne (duka biyun gajerun jerin haruffa ne a cikin furomota), wanda a nan yake ɗauke da ATAAA kusa da -30. Nan furotin TBP ke zama ya lanƙwasa DNA kafin RNA folimeras II, mai yin kwafar, ta samu wurin tsayawa. Harafi ɗaya ya canja, kwafar ba ta tsayawa gaba ɗaya, raguwa take yi, shi ya sa ake ganin ɗan HbA.

Malama Rabi: Malam ya faɗi gaskiya. Ƙari a kan haka, -88 yana cikin CACCC, wurin da furotin KLF1 mai kunna kwafar ke kamawa. Firaimar gaba, wato ɗan guntun DNA da karatu ke farawa daga gare shi, idan aka ɗora ta daf da shi, an yi asarar kuɗin, domin haruffa 30 zuwa 50 na farkon karatun Sanger (hanyar karanta jerin haruffan DNA) datti ne. A ja ta baya zuwa wajen -250, a kuma karanta daga ɓangarori biyu. Sannan a duba firaimar a BLAST, manhajar kwatanta jerin haruffa, saboda delta-gulobin ya yi kama da beta sosai. Idan ta kama su biyun, ƙololuwa biyu, maimakon ɗaya ga kowane harafi a zanen sakamako, za su riƙa fitowa a wurare barkatai, mutum ya zaci sauyi ne.

Nura: Yaya Rabi, to ya ake bambance su da sauyin gaske?

Malama Rabi: Ƙanena, sauyin gaske a wanda ya gaji sauyin daga uwa ko uba kaɗai ƙololuwa biyu ne a wuri guda tak, tsayinsu kusan ɗaya, kuma ya fito a karatun gaba da na baya. Sauran layin fes.

Malam Habu: Ni daga jinin zan fara. A ɗiba a kwalbar EDTA mai shunayyen murfi. Heparin, wani maganin hana daskarewar jini, yana hana PCR (aikin yawaita kwafin DNA) aiki, kuma yakan biyo DNA har bayan tacewa.  Nanogiram 50 zuwa 100 na DNA ya isa a haɗin PCR mai mikirolita 25, yawaita shi ke jawo jirwaye a jel. Kuma a daina zuba DMSO, sinadarin da ke taimaka wa igiyoyin DNA rabuwa, a kowane aiki. Furomotar beta ba ta buƙatarsa. Alfa-gulobin ne mai yawan G da C, shi ake sa wa kashi 5 cikin ɗari ko betayin mola 1, a kuma rage zafin mannewar firaima da digiri 2 zuwa 3.

Dakta Binta: Madalla. Ga wanda ke da sauran DNA, ya dubi akwatin TATA na UGT1A1, ƙwayar gadon da ke taimaka wa hanta sarrafa bilirubin, sinadarin da ke jawo shawara. Maimaicin haruffan TA sau shida aka fi sani. Mai bakwai a kwafi biyu bilirubin ɗinsa kan hau, kuma a masu sikila ana danganta shi da tsakuwar matsarmama. A Afirka har mai biyar da mai takwas akwai. Sai dai bambancin haruffa 2 ne kacal, jel na agaros ba zai raba su ba, sai na foliyakirilamaid ko injin kafilari.