Neman shawara: kujerar sabuwar a-kori-kurata ta hana Hajiya shiga motar

Baban Ummi:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Akwai abin da ya hana ni sukuni tun bayan girbi, na rasa wanda zan faɗa wa, shi ya sa na kawo shi nan.

A Zariya nake zaune, amma gonakinmu na gado suna wajen Saminaka, can kuma Hajiya mahaifiyata take. Tun rasuwar Baba nauyin gonakin ya dawo kaina, don yayana yana Legas, ƙannena kuma mata ne, kowace tana ɗakinta. Shekara da shekaru da ƙaramar mota nake wannan zirga-zirga ta hanyar Pambeguwa. Duk damina sai na ɗauki hayar mota ta kai taki, duk kaka sai na ɗauki haya a fito da masara, kuma ba sau ɗaya ba direba ya karɓi kafin alƙalami ya kashe waya. Akwai shekarar da takina ya kwana a bakin titi har ruwa ya taɓa shi, saboda ƙaramar motar ta kasa shiga hanyar gona. Abin ya ci mini rai ƙwarai. To bana da Allah ya sa wa masara albarka, sai na sayar da wani fili, na haɗa da kuɗin ƙaramar motar, na ciko da rance wajen wani aminina, na sayi a-kori-kura mai ƙofa huɗu, sabuwa dal daga wajen dila. Uwargida ta so a bar ƙaramar motar, amma da an bar ta kuɗin ba za su kai ba.

Wajen aiki ba ni da abin cewa, ko'ina tana shiga. Kujera ce matsalar. In na yi tafiya mai ɗan nisa sai ƙuguna ya riƙe, in na sauko sai na dafa ƙofa na jima kafin in iya miƙewa. Nawa ma da sauƙi. Ina kawo Hajiya asibitin koyarwa na Shika ganin likita saboda ciwon gwiwa, kuma ranar da ta fara shiga bayan motar nan ta ce kamar an zaunar da ita a kan bencin firamare. Ta iso tana dafe da baya, ta yi kwanaki tana salla a zaune. Yanzu ta ce gara ta biyo motar haya. Uwata a motar haya, ni kuma da sabuwar mota a ƙofar gida! Don Allah me zan yi? A canza kujerun ne, ko a ƙara soso, ko akwai wata dabara?

Abban Yusra:
Wa'alaikumus salam. Allah ya sanya alheri, ya tsare hanya. Amma Alhaji ba ka faɗi wace iri ba ce, kuma kujerar fata ce ko ta yadi?

Baban Ummi:
Amin, na gode. Ta yadi ce. Sunan kamfani kuwa a bar shi, ba na son in ɓata wa kowa kasuwa.

Injiniya:
Ba sai ka faɗa ba, duk cutarsu ɗaya. Kuma tun yanzu in gaya maka, kujerarka lafiyarta ƙalau. Kada ka bari kowa ya sa mata reza.

A-kori-kura an ƙera ta ne don ta ɗauki kusan tan 1, wato buhun masara 10. Shi ya sa ake sa mata sifirin mai falle-falle a baya, ƙarfe a kan ƙarfe. Sai da kaya yake lanƙwasa ya yi laushi. In babu kaya ba ya motsi, duk ramin da tayar baya ta faɗa kai tsaye yake hawowa jikin mutum. Wa ya fi kusa da tayar baya? Wanda ke kujerar baya. Wato ka zaunar da Hajiya daidai inda dukan ya fi sauka.

Sannan iskar taya. Sababbin motoci da iska mai yawa ake loda su a jirgin ruwa, dila ne ya kamata ya rage kafin ya miƙa maka makulli, kuma ba kowa ke yi ba. In ka je wajen mai faci shi ma sai ya ɗura 45 ko 50, don a ganinsa babbar mota ce. Buɗe ƙofar direba, ka duba jikin ginshiƙin, akwai takarda a manne. Za ka ga lamba biyu, ɗaya ta lokacin da babu kaya, ɗaya ta lokacin lodi. Ta babu kaya a yawancinsu ba ta yin nisa da 30. Ka gwada da geji da safe kafin taya ta yi zafi. Ka yi wannan, ka ɗaure buhun yashi biyu a bodi daidai saitin tayoyin baya, sannan ka dawo mu yi magana.

Mai Kushin:
Injiniya, da girmanka, amma ba duka ba ne. Ni wannan ce sana'ata, a hannuna ake farke kujerun nan. Soson kujerar baya na waɗannan motoci siriri ne, majinginin kuma a tsaye yake ƙyam saboda bangon gidan motar yana bayansa, babu inda zai kwanta. Ga daɓen a sama yake tunda a kan casis aka ɗora shi, sai ka ga gwiwar mutum ta fi ƙugunsa tsawo. Ga tsohuwa mai ciwon gwiwa wannan azaba ce ko da a kan kwalta mai santsi ne. Ko ka sace iskar taya gaba ɗaya majinginin ba zai kwanta ba. Alhaji, a ƙara soso mai tauri a mazauni ya ɗaga ta kaɗan, a sa wani a daidai kwankwaso. Mun yi wa mutane da yawa sun ji daɗi.

Injiniya:
In ka ƙara soso a majingini ai gaba ka ƙara turo ta, gwiwarta ta haɗu da bayan kujerar direba. Kuma da yawa cikin sababbin nan akwai balan-balan na kariya a cikin gefen kujerun gaba, ɗinkin wurin an yi shi ne ya yage in an yi karo. Ku ɗinke shi da zaren buhu, ranar tsautsayi ya ƙi fita. Ga garanti, dila yana ganin an taɓa kujera zai sami abin fakewa.

Mai Kushin:
Ta baya nake magana, ban ce a taɓa ta gaba ba. Kuma ba da zaren buhu muke ɗinki ba.

Maman Sadiq:
Baban Ummi, sannu, Allah ya ba Hajiya lafiya. Tambaya ɗaya: me ya hana a sa ta a gaba? Kujerar gaba ai tana kwantawa, tana ja baya, ta miƙe ƙafarta. Kai kuma ciwon naka a ƙugu ya tsaya ko yana sauka ta cinya zuwa ƙafa? Aikin jinya nake yi, shi ya sa na tambaya.

Baban Ummi:
Hajiya ba za ta zauna a gaba ba. Kawuna, ƙanin Baba, shi ke rako ta kullum, kuma ta ce ba za ta zauna a gaba namijin gidan mijinta yana baya ba. Na yi magana, shi ma Kawu ya yi, ta ƙi. Ba ta son bel ɗin kuma, wai yana shaƙe ta. Ƙafa kuwa takan ɗan mutu mini ta dama in na daɗe ina tuƙi, amma da na taka ƙasa take sakewa. Ba komai ba ne, a ƙaramar motar ban taɓa jin haka ba.

Direban Dogon Zango:
Wallahi motocin yanzu sai haƙuri. Mu da muka tashi da Fijo 504 ta Kaduna, ka taso daga Jos har Sakkwato ka sauka ka wuce masallaci garau. Kujera ce ta gaske, ka zauna ta rungume ka. Ni yanzu motar wani kamfani nake ja, mai gidan bai taɓa zama a kujerar direba ba, in ka ce bayanka na ciwo sai ya ce ga masu neman aikin nan a bakin get. Albashin ma sai wata ya raba. Na yi maganar shoka tun kafin azumi, har yau wai ana dubawa. Alhaji ka sayi wannan shimfiɗar mai 'yan duwatsun katako da muke sawa, tana hana gumi, tana danna baya.

Ɗan Zangon Kumasi:
Da ka yi shawara kafin saye da Navara na ce ka duba. Mai ƙofa huɗun tana da sifirin mai murɗi a baya maimakon falle-falle, kuma kujerun gaba kamfanin ya ce daga binciken hukumar NASA kan yadda jiki ke sakewa a sararin samaniya ya ɗauko fasalinsu. Tun 2022 aka fara haɗa ta a nan Gana, a garin Tema. Na shiga bayanta zuwa Tamale ban ji jiki sosai ba. Ka sayar da taka tun tana da daraja.

Abban Yusra:
Hilux ma ai a 2020 sun ƙara wa sifirin ɗin baya tsawo don a rage wannan dukan. Kuma ita ce ko a ƙauye za ka sami makanikenta. Ga Landtrek da ake haɗawa a Kaduna, ban dai taɓa zama a cikinta ba.

Injiniya:
Kun ga yadda ake ɓatar da mutum. Ya zo da rance a wuyansa kuna ce masa ya sayar. Motar da ta fita daga shagon dila ta taka ƙasar gona, ko jiya aka saye ta, ta hannu ce a bakin 'yan kasuwa. Batun sifirin mai murɗi gaskiya ne ya fi laushi, Ram 1500 ta Amurka tun 2009 take da shi, Ranger Raptor ma haka. Amma ku duba nauyin da Raptor ke ɗauka, bai kai na Ranger ta aiki ba. Shi kuma taki da masara zai ɗora. Ba a fafe gora ranar tafiya, lokacin zaɓe ya wuce. Taya da yashi, shi ke nan.

Kai kuma Alhaji, naka ciwon zama ne. Wanda ya saba da ƙaramar mota yakan kwantar da majingini ya miƙe hannu can. A wannan ka ɗaga shi ya kusa tsayuwa, ya ɗan karkata kaɗan, ka matso har ya zama in ka taka kuloci ƙasa gwiwarka ba ta miƙe sarai ba. Ka tura ƙugu can ƙuryar kujera, ka naɗe ƙaramin tawul ka sa a kwarin baya. In kana sa walat ko waya a aljihun baya ka cire. Duk awa 2 ka tsaya ka taka.

Baban Ummi:
Injiniya na gode, amma ni ba yau na fara tuƙi ba, na san yadda ake zama. Yashi kuma, ya za a yi in ɗauko Hajiya zuwa asibiti da buhunan yashi a baya? Ga mai, tun da aka cire tallafi a 2023 kowa ya san halin da ake ciki, in ƙara wa mota nauyi da gangan? Masu cewa in sayar, ba ku san abin da na gani a hannun direbobin haya ba. Ban yi nadamar sayenta ba ko kaɗan, ita ce daidai da aikina. Iskar taya kuwa yaron dila ya ce sun duba komai.

Maman Sadiq:
Baban Ummi, don Allah kada ka ce mutuwar ƙafa ba komai ba ce. Alama ce jijiyar da ta taso daga ƙugu ta sauka ƙafa tana matsuwa, kuma ƙafar birki ce. Tunda kana kai Hajiya Shika, kai ma ka yanki kati a duba ka, in ya kama a tura ka wajen masu gashin ƙashi. In ka taɓa jin ƙafar ta yi rauni, ko tsakanin cinyoyi ya mutu, ko fitsari ya ƙi fita ko ya riƙa kuɓucewa, wannan ba na jira ba ne, a ranar za ka tafi asibiti. Hajiya kuma ko a baya take sai da bel. A sa mata filo mai tauri ta zauna a kai, wani a bayanta, a tura kujerar Kawu gaba sosai. A ajiye mata 'yar kujerar tsugunno ta riƙa takawa wajen hawa da sauka, don tsayin motar kaɗai ya isa ya tayar mata da gwiwa.

Ni abin da ke ba ni haushi, maza sai ku sayi mota ba ku taɓa zama a baya ko na minti biyar ba. Maigidana haka ya yi, ni da yara muke shan wuya, in na yi magana ya ce shi bai ji komai ba.

Malam Na Maraɗi:
Ni dai a ganina abin mai sauƙi ne. Ranar asibiti ka ɗauki shatar ƙaramar mota mai kyau ta kawo Hajiya har ƙofa, a-kori-kura ta tsaya a aikinta. Kuɗin shata bai kai na farke kujera ba, kuma haƙƙin uwa ya wuce abin da mutane za su ce.

Baban Ummi:
Malam, na ji, amma direbobin hayar nan su na guje wa. Kuma a garinmu in aka ga wata mota ta zo ɗaukar ta, kafin la'asar magana ta zaga cewa na yi sabuwa na hana uwata shiga. Maman Sadiq, filo mun gwada tun farko, zamewa yake. Asibiti kuma in na sami sarari. Mai Kushin, na turo maka saƙo, nawa ne in ta baya kaɗai za a yi, kuma za a gama kafin Talata? Ranar ce za ta koma ganin likita.

Injiniya:
Yaron dila ya ce, kai ka gani da idonka? Geji nawa ne a kasuwa? Ka faɗa mana lambar da ke jikin ƙofa da wadda ke cikin tayar, in sun zo ɗaya ni da kaina zan ce a farke.

Direban Dogon Zango:
Injiniya, tunda kana nan, tawa in na taka birki sai gaban ya nutse ya yi ta lilo kafin ya tsaya. Shoka ce ko wani abu ne daban? Ina so in san abin da zan faɗa wa mai gidan.