Dutsen Judi da Dutsen Ararat ɗaya ne?

Isufu, Tawa: Assalamu alaikum. Jiya a karatun tafsiri bayan la'asar malaminmu ya kai aya ta 44 ta Suratu Hud, inda jirgin Annabi Nuhu ya tsaya a kan Judi. Shin shi ne dutsen da ake kira Ararat, kuma su wane ne ke zaune a gindinsa?

Malam Habu, Yamai: Wa alaikumus salam, Malam Isufu. Duwatsu biyu ne, dukansu a Turkiyya. Ararat yana gabas, kusa da iyakar Iran da Armeniya, tsayinsa mita 5,137, ƙanƙara ba ta barin kansa ko da bazara. Judi kuwa yana kudu maso gabas, kusa da garin Jizre a bakin kogin Dijla, bai fi dutsen Bagezam ɗinmu na Ayar tsayi da yawa ba. Ƙauyukan gindinsa galibi na Kurdawa ne, makiyayan tumaki da awaki, waɗanda ke hawa da dabbobinsu idan zafi ya shigo, kamar yadda namu ke yin arewa da damina.

Hajiya Rabi, Yamai: Malam, a ƙara da cewa an tashi yawancin ƙauyukan nan a shekarun 1990, lokacin rikicin sojojin Turkiyya da PKK, ƙungiyar 'yan tawayen Kurdawa.