Kansul ɗin da ta ce ta tsiyace, ina ruwanta da biki?

Baban Khalil: Salamu alaikum jama'ar Croydon. Takardar harajin kansul, wato ƙaramar hukumarmu ta nan Landan, ta shigo yau, na buɗe na gani na ninke na tura ƙarƙashin filo. Ni dai ina nan kan bakana, kansul ɗin nan ba ta da hurumin kashe ko sisi a kan bukukuwa da kiɗe-kiɗe. Hukumar da ta fito da bakinta ta ce ta tsiyace a Nuwamba 2020, ta sake faɗa a Nuwamba 2022, a 2023 ta lafta mana ƙarin haraji kusan kashi 15 cikin ɗari lokaci guda, kuma a wannan shekarar dai aka yi ta shagali wai ita ce unguwar al'adu ta Landan. Wanda ake bi bashi ai ba ya yanka rago ya kira maroƙa. A kwashe shara a liƙe ramukan titi a kunna fitilu, shi ke nan.

Maman Hanifa: Wa alaikumus salam. Baban Khalil ka cakuɗa abu biyu fa. Wancan shagalin na 2023 gasa ce ta ofishin magajin garin Landan Sadiq Khan, unguwar da ta ci ana ba ta fam miliyan 1.35, Waltham Forest ta ci ta 2019, Brent 2020, Lewisham 2022, sannan mu. Kuɗi ne da aka ɗaure wa wuya, don wannan aka bayar, ko sun ƙi karɓa ba a ramin titin gidanku za a zuba su ba, wata unguwar za ta kwashe.

Baban Khalil: Ma'aikatan da suka yi shekara suna tsara shagalin fa, su ma Sadiq Khan ne ya haife su? Lokacinsu ba kuɗi ba ne?

Kawu Isa: Ku tsaya yarana. Ni tun kafin a haifi wasunku nake biyan harajin nan, kuma ba ganga ce ta cinye kuɗin Croydon ba. Kansul ce ta ce za ta zama 'yar kasuwa. Ta kafa kamfanin gina gidaje mai suna Brick by Brick ta ranta masa kusan fam miliyan 200, masu binciken kuɗi suka zo a 2020 suka tarar ko ruwan bashin bai biya ba balle riba. Ta sayi otal ɗin Croydon Park a 2018 kan kusan miliyan 30, otal ya durƙushe, aka sayar da asara. Gyaran Fairfield Halls an ce miliyan 30 ne, ya ƙare a sama da miliyan 67. Lokacin da aka yi shelar tsiyacewa ta 2022 bashin ya kai fam biliyan 1.6. Biliyan fa, ba kuskuren yatsa na yi ba. To kai ka tsaya kana ƙirga kuɗin lasifika da rumfa a filin shaƙatawa.

Baban Khalil: Allah ya ƙara girma Kawu, ai kai ka kawo min hujja da hannunka. Fairfield Halls ɗin mene ne? Ba gidan kiɗa da wasan kwaikwayo ba ne? Miliyan 67 a gidan rawa!

Kawu Isa: Wannan ka kama ni kaɗan, na yarda. Amma ɓarnar a wajen kwangila aka yi ta, ba a wajen rawar ba. Da asibiti suka ba wa wancan kamfanin na Brick by Brick ya gyara da haka za ta kasance.

Ɗan Zazzau: Ni wlh abin dariya yake ba ni, ku nan har kun san nawa ake bin ƙaramar hukumarku, da takarda da komai. A gida sai da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a Yulin 2024 cewa a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye ba ta hannun gwamnoni ba, wa ya taɓa ganin lissafin ciyaman ɗinsu?

Baban Khalil: Kai ɗalibi yi mana shiru, ku da aka yafe muku harajin gaba ɗaya. Ka gama digirin takarda ta fara zuwa da sunanka sai mu ji ko za ka yi dariya.

Ɗan Zazzau: Tuba nake Yaya.

Maman Hanifa: Ni bari in faɗa muku inda nake ganin kuɗin da idona tunda aikin kula da tsofaffi nake. Ƙarfe bakwai na safe ina ƙofar wata tsohuwa, in danna lambar akwatin makulli in shiga, in tashe ta in yi mata wanka in canza zanin gado in ba ta ƙwayoyinta da shayi da burodi, minti 45 ne a takarda amma wani lokacin kafin ta yarda ta sauko da ƙafa daga gado ma an ci rabi, kuma sau huɗu ake zuwa mata a rana, kullum, har ranar Kirsimeti. Ba ta da kowa, ɗanta yana wata ƙasa. Wa kuke zaton yake biya? Kansul ce, kuma ba alfarma ba ce doka ce ta ɗora mata. Haka yaran da aka karɓe daga hannun iyaye, haka iyalin da mai gida ya kora dole a nemo musu wajen kwana. Nan ne rijiyar take. Ku da kuke da dangi ba kwa gani shi ya sa kuke zaton kansul mai shara ce kawai. Kuma ka juya takardar taka ka duba, wani kaso ma ba nasu ba ne, na hukumar Landan ne, 'yan sanda da 'yan kwana-kwana.

Baban Khalil: To ai maganata kike ƙarfafawa Maman Hanifa. In tsohuwa tana jiran wanka, me ya kai mu kiɗa?

Anti Bilki: Ina ta karantawa ban so in sa baki ba. Baban Khalil abin da kake roƙo ai an riga an yi maka shi. Wurin ninƙaya na Purley tun 2020 yake rufe. Laburare huɗu cikin 13 aka rufe a ƙarshen 2024, Broad Green da Shirley da Sanderstead da Bradmore Green. Haraji ya sauka? Kai kana mota kana zaga gari, ni ce nake gida da yara uku a ɗaki biyu, lokacin sanyi ƙarfe huɗu duhu ya yi, ba tsakar gida ba ƙofar gida ba gidan kaka da za ka ce su je su dawo, wannan ya haye kujera wancan ya ja labule maƙwabcin ƙasa yana buga silin da sanda. Duk wajen da za ka kai yaro kyauta a garin nan ni a wajena ba ƙyale-ƙyale ba ne. Bikin Mela, na al'adun 'yan kudancin Asiya, da aka yi a Wandle Park, can na fara magana da matar da muka yi shekara biyu muna haɗuwa a lif ba ko sannu, yanzu ita ke ɗauko min autana daga makaranta in aiki ya riƙe ni.

Baban Khalil: Laburare daban Anti, wannan ilimi ne, ban taɓa cewa a taɓa shi ba.

Anti Bilki: Ai kowa abin da yake amfani da shi ne "daban".

Kawu Isa: Laburare ma doka ta 1964 ta wajabta wa kansul ta samar da shi, sai dai ba ta faɗi guda nawa ba, ta wannan kafar ake bi a rage. Biki kuwa babu dokar da ta tsaya masa, shi ya sa ko ba ka yi ihu ba shi ake fara yankewa. Ka kwantar da hankalinka.

Baban Khalil: Hankalina ba zai kwanta ba sai na ga takardar nan ta ragu. Ni ban ci bashin ba, ban kwana a otal ɗin ba.

Maman Hanifa: Wannan kam duk mun yarda. Af, tunda kai ne ma'ajinmu, zauren da muka ce za mu kama na walimar Sallah na kansul ne fa, mu fasa?

Baban Khalil: Haba dai. Wannan ai da kuɗinmu za mu kama. Kuma saura mutum shida ba su turo nasu ba, Ɗan Zazzau har da kai.